Daga Makero Zuwa Ƙarin Ƙwaƙwalwa: Tarihin Wani Haɗari Mai Jinkiri

Mai karatu, a ƙasan ƙwaƙwalwarka akwai wata 'yar halitta mai girman ƙwayar wake da ake kira pituwitari. Ita ke tsara girman jiki da haihuwa da zuwan nono. Idan ƙari ya fito mata, likita ya ambaci gashi da haske, tambayar da iyalai suka fi kawowa ɗakin magani ita ce: shin hasken ba zai haifar da wani ƙarin ba? Likitoci ma sai da suka shafe shekaru masu yawa kafin su iya ba da amsa da lissafi.

A 1895 Röntgen ya gano hasken eksire a Jamus. A 1909 Gramegna a Italiya da Béclère a Faransa suka fara haska shi a kan masu wannan ƙari, aka ga ciwon kai ya lafa, gani ya gyaru. Tiyatar wannan lungu a lokacin kasada ce babba, saboda haka aka karɓi gashi hannu bibbiyu.

Gargaɗi mafi ƙarfi kuwa daga makero ya fito, makeron nan da ka saba gani a kan yara a Kanya Babba da Babura. Daga 1948 zuwa 1960 a Isra'ila, ana haska kan yara masu makero domin gashinsu ya zube a samu kai ga cutar. Masu bincike sun bi sawun fiye da yara dubu goma daga cikinsu har suka manyanta. Rahotonsu na 1988 ya nuna cewa ƙarin da ke fitowa a tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa, wanda likitoci ke kira meninjiyoma, ya ninka fiye da sau tara a cikinsu, galibi bayan shekaru ashirin ko fiye. Abin da ya dakatar da wannan aiki ƙwayar magani ce, griseofulvin, wadda ta fito a ƙarshen shekarun 1950, kuma har yau ita muke ba yaranmu.

Game da pituwitari kanta, asibitin Royal Marsden na Landan ya bibiyi mutum 426 da aka yi wa tiyata da gashi tsakanin 1962 da 1994. A rahoton 2005, goma sha ɗaya ne suka sami sabon ƙari a kai: kashi 2 cikin ɗari bayan shekara goma, kashi 2.4 bayan ashirin. Ninki goma ke nan na sauran jama'a, amma lura, fiye da mutum 97 cikin ɗari sun kai shekara ashirin ba tare da shi ba. A ganina wannan adadi bai kai a ƙi gashi ba idan ƙarin farko yana danne jijiyar ido, domin makanta ba ta jiran shekara ashirin.

Zamani kuma ya sauya. Tun shekarun 1970 bromocriptine, daga baya cabergoline, suna motsar da ƙarin da ke sa zubar nono da ɗaukewar haila ba tare da wuƙa ba, ana kuma yin tiyata ta hanci. Gashi ya koma na wanda ƙarinsa ya rage ko ya dawo.

A Najeriya an kafa injin gashi na kobalt a asibitin koyarwa na Legas a 1973. Yanzu mutanenmu kan nufi Shika a Zariya ko Sakkwato. Matsalar tana nan: wanda ya tashi daga Kazaure zuwa Kano, daga Kano zuwa Shika, yakan baro tarihinsa a asibiti uku. Ka nemi takardar da ta nuna shekarar gashin da yawansa, ka adana ta tare da hotunan MRI. Ka ci gaba da kai shi awon jini, domin raunin pituwitari bayan gashi ya fi sabon ƙari yawa nesa ba kusa ba, kuma hydrocortisone da thyroxine suna cike gurbinta. Idan farfaɗiya ko sabon ciwon kai ko mutuwar ɓarin jiki ta bayyana, ko da bayan shekara ashirin da biyar ne, ka fara gaya wa likita cewa an taɓa yi masa gashi a kai.