Barcin jarirai: abin da ma'aikatan kiwon lafiya za su koya wa iyaye

Akwai mutuwar da ke ɗaukar jariri cikin barci: a kwantar da shi lafiya lau, a wayi gari babu rai. Likitoci na kiran ta mutuwar fuju'a ta jarirai, da Faransanci «mort subite du nourrisson». Ta fi aukuwa tsakanin wata 2 da wata 4 da haihuwa, kuma mafi yawanta kafin yaro ya cika wata 6. Ban da ita, akwai jariran da numfashi ke toshe musu a kan shimfiɗa mai laushi, ko babba ya danne su cikin barci.

Kwanciyar rigingine

Babbar kariya ita ce a kwantar da jariri rigingine duk lokacin barci, dare da rana, har ya shekara. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta fara hana kwanciyar rub da ciki a 1992, aka shiga gangamin faɗakarwa a 1994, kuma irin wannan mutuwa ta ragu da kusan rabi a ƙasar. Uwaye da dama na tsoron kada yaro ya shaƙe da tumbuɗi. Ya kamata ungozoma ta bayyana musu cewa jariri mai lafiya yana haɗiye shi ko ya yi tari ya fitar, kuma rigingine ta fi kare maƙogwaronsa.

Shimfiɗa da ɗakin jego

Shimfiɗar ta zama mai tauri, a baje, babu matashi ko tulin zannuwa kusa da fuska. Abin da ya fi shi ne jariri ya samu tasa shimfiɗa dab da ta uwa, aƙalla wata 6 na farko. A gidajenmu galibi tare suke kwana cikin sange ɗaya, don haka ma'aikaci ya faɗi inda haɗarin ya fi yawa: idan an haifi yaron bakwaini ko ƙarami, idan uwa ta sha maganin da ke sa barci, idan wani na shan taba, ko in ana cusa yayyensa a gadon. Kada a yi barci da jariri a kan kujerar falo. Sange kuwa a soke shi sosai, ya kare daga sauro ba tare da ya faɗo wa yaro a fuska ba.

Lokacin ɗari, a kula da garwashin da ake sawa a ɗakin mai jego. Gawayi a rufaffen ɗaki na fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari. Yawan lulluɓi ma haɗari ne: in wuyan yaro na gumi, a rage tufafi.

Lokutan faɗakarwa

Tun 2006 Nijar ta mai da awon ciki da maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta, abin da ke kawo uwaye CSI sau da yawa. A yi maganar barci a awon ciki, da ranar sallama daga gidan haihuwa, da ranakun rigakafi na mako 6, 10 da 14. A ƙarfafa shayar da nono zalla har wata 6, domin yana rage haɗarin.

Abin da uwa ta gani a likita shi za ta kwaikwaya, saboda haka jariran da ke gidan haihuwa ma a kwantar da su rigingine. Sannan a tuna cewa cikin kwana 40 na jego, kaka ko goggo ce ke da iko da jariri. A kira ta ta zauna, a nuna mata da hannu yadda ake kwanciyar, a nemi ta gwada a gaban ma'aikaci.