ZARE: Aji ko View Source, wa ya koya wa duniya rubuta shafin intanet?

1/ Jiya ƙanena ya turo min saƙo. Wai ya biya kuɗin kwas na wata uku a wata makarantar kwamfuta don koyon haɗa shafukan intanet, ko ya zauna gida ya koya da kansa? Kuɗin ba kaɗan ba ne, kuma Baba ne zai biya. Na ce masa tsaya, wannan gardamar ta girme ka. Ku gyara zama, zaren da ɗan tsawo 🧵

2/ Mu fara daga tushe. Tim Berners-Lee, wanda ya ƙirƙiro HTML, fiziks ya karanta a Oxford. A 1989 ya gabatar da shawararsa a cibiyar bincike ta CERN da ke kusa da Janeba, a ƙarshen 1991 kuma ya fitar da wata 'yar takarda mai suna HTML Tags. Alamomi 18 ne a ciki. Iya littafin ke nan. Babu malami, domin duk duniya ba wanda ya riga wani sani.

3/ Ranar 30 ga Afrilu 1993 CERN ta saki fasahar kyauta ga kowa. A shekarar ne burauzar Mosaic ta fito daga cibiyar NCSA ta Jami'ar Illinois. Marc Andreessen, ɗaya daga cikin waɗanda suka rubuta ta, ɗalibi ne a lokacin, kuma shi ya kawo alamar img ta saka hoto a Fabrairun 1993. Ku lura: jami'a ta ba shi kwamfuta da layin intanet mai ƙarfi. Darasin HTML kuwa babu shi a jadawali.

4/ To ina mutane suka koya? A wani ɗan maɓalli da ke cikin burauza: View Source. Kana dannawa sai shafin ya nuna maka rubutun da aka gina shi da shi, duka. Kamar ka ga riga ta burge ka a jikin mutum, ya cire ya juya maka cikinta ka ga yadda tela ya bi ɗinkin. Manhajar da ka saya a faifai ba ta yi maka haka. Shafin intanet kuwa kowanne yana yawo da darasinsa a aljihu.

5/ Sai ka kwafa, ka zuba a Notepad, ka canza kalma ɗaya, ka adana da .html a ƙarshe, ka buɗe. Ya lalace? Ka mayar. Ya yi? Ka ƙara canza wata. Tsakanin kuskure da ganin sakamakonsa daƙiƙa biyar ne. Babu ajin da ke duba aikin ɗalibi da wannan saurin.

6/ GeoCities, da aka kafa a 1994, ya ba kowa fili kyauta ya kafa shafinsa. Miliyoyin mutane da ba su taɓa shiga ajin kwamfuta ba suka gina shafuka: na mage, na mawaƙi, na girki. Yahoo ta saye shi a 1999 kan sama da dala biliyan 3, ta rufe na Amurka a Oktoban 2009. Masu sa kai na Archive Team ne suka yi rige-rigen kwashe abin da za su iya.

7/ Wanda ya fi burge ni shi ne labarin Lissa Daniels. A 1997 tana da shekara 11, tana yawan manta alamomin HTML, sai ta riƙa tara su a shafi guda don tunawa. Wasu yara suka gano shafin, suka fara tambayarta. Haka aka samu Lissa Explains It All. Yarinya 'yar firamare ta zama malamar ɗimbin yara kafin makarantunsu su san akwai darasin.

8/ Daga baya Neopets (1999) da MySpace (2003) suka ci gaba da aikin. Yarinya na son bayan shafinta ya zama ruwan hoda, sai ta koyi CSS ba tare da ta san sunansa ba ma.

9/ Makarantu fa? Da suka iso, da yawansu ta ƙofar baya suka shigo. Maimakon rubutun kansa, sai aka koyar da FrontPage na Microsoft ko Dreamweaver da ya fito a 1997: ja akwati nan, danna can, manhaja ta rubuta maka kod ɗin. Ya fi sauƙin koyarwa, ya fi sauƙin ba da maki. Amma ranar da shafin ya karkace, ɗalibi bai san inda zai taɓa ba.

10/ Ni kaina na sha wannan. A makarantar da na yi, wacce ba zan ambata ba, a allo malam ya rubuta mana HTML da alli, muka kwafa a littafi, muka haddace, muka zuba a jarrabawa. Na ci, wallahi da maki mai kyau. Amma ranar da na fara ganin sunana ya fito a burauza, a kafe ne, cikin dare, na sayi awa, injin janareto na ta ƙara a waje.

11/ Kada ku ce matsalar ƙasarmu ce kaɗai. A Agustan 2011 shugaban Google na lokacin, Eric Schmidt, ya tsaya a Edinbara ya soki Birtaniya kan cewa ana koya wa yara amfani da manhaja, ba a koya musu yadda ake yin ta. A Janairun 2012 Royal Society ta fitar da rahoto mai zafi kan darasin ICT, ministan ilimi Michael Gove ya sanar da jingine manhajar karatun. Sabuwa ta fara aiki a Ingila a Satumban 2014. Shekara 23 bayan takardar Berners-Lee, a ƙasar da ta haife shi.

12/ To, kafin 'yan "ni na koya wa kaina" su fara tafi, ga naku kason. Mai kwafa ba ya tacewa. Kuskuren mutum ɗaya sai ya bazu a shafi dubu. Haka blink na Netscape da marquee na Internet Explorer suka cika intanet da rubutu mai ƙyaftawa da mai gudu kamar an biyo shi.

13/ Haka kuma dabarar tsara shafi da teburi cikin teburi, ana cusa hoton da ba a gani don a tura rubutu gefe. David Siegel ya yaɗa ta a littafinsa na 1996, a 1997 kuma ya rubuta maƙala yana amsa cewa shi ya ɓata yanar gizo. CSS na farko ya zama ƙa'ida tun Disambar 1996, an kafa Web Standards Project a 1998 don a ja hankalin masu burauza da masu gini, amma an ɗauki shekaru kafin tsohuwar ɗabi'ar ta saki mutane.

14/ Babban abin shi ne, View Source yana koya maka abin da ido ke gani ne kawai. A 1999 wani makaho ɗan Ostareliya, Bruce Maguire, ya kai ƙarar masu shirya gasar Olamfik ta Sidni saboda ba ya iya amfani da shafinsu. Cikin ƙorafinsa akwai hotuna marasa bayanin alt, wato ɗan rubutun da manhajar makafi ke karantawa. Ya yi nasara, aka yanke a biya shi dalar Ostareliya 20,000.

15/ Ka ga wannan, sai wani ya zaunar da kai ya faɗa maka. Shafinka zai yi kyau a idonka shekara goma ba ka san ka rufe wa wani ƙofa ba. A nan malami ke da rana, in ya san aikin.

16/ Ko malaman intanet ɗin ma ba ma'asumai ba ne. W3Schools, da wani kamfanin iyali a Norway ya buɗe a 1998, ba shi da alaƙa da W3C mai tsara ƙa'idoji duk da kamar suna. A 2011 wasu ƙwararru suka buɗe shafin W3Fools suna lissafa kurakuransa. An gyara da yawa daga baya, amma waɗanda suka haddace na farkon fa?

17/ Akwai kuma darasin da ba aji ba, ba W3Schools ba, babu wanda ya koya mana: ƙ, ɗ, ɓ. Ka rubuta "ƙasa" shafi ya nuna maka akwati ko alamar tambaya. Sai da muka wahala muka gano sanya utf-8 a saman shafi, ko rubuta lambar harafin da hannu: 409 ga ƙ, 599 ga ɗ, 595 ga ɓ. Har yau ina riƙe da su a ka kamar lambar waya. Da yawa sun gaji suka watsar da ƙugiyar gaba ɗaya.

18/ Abin da ya canza yanzu shi ne tagar ta ƙanƙance. Buɗe View Source na babban shafi yau, za ka tarar da layi guda mai tsawon hanyar Kano zuwa Zariya, na'ura ce ta matse shi, ba don mutum aka rubuta ba. Yawancin yaranmu kuma da waya suka shigo intanet, inda maɓallin ma ba ya cikin jerin zaɓi. A madadinsa akwai MDN, akwai freeCodeCamp da Quincy Larson ya kafa a 2014. Shi ma tsohon malamin makaranta ne, kuma abin da ya gina manhajar karatu ce mai jerin darussa. Wato koyon kai ɗin ma ya koma kama da aji.

19/ Abin da na faɗa wa ƙanena: kafin Baba ya fitar da ko sisi, je makarantar ka yi tambaya uku. Ɗalibi nawa ne a kan kwamfuta ɗaya? Da hannu za mu rubuta ko ja da dannawa ne? Malam zai nuna min shafin da ya gina da kansa, wanda ke kan intanet yanzu? In sun amsa da kyau, biya. In aka fara yi maka zancen kyan satifiket, a sa kuɗin a tsohuwar laftof da data.

20/ Na kuma ba shi aikin gida na daren nan. Shafin farko na duniya yana nan, CERN ta dawo da shi adireshinsa na asali a 2013, za ka same shi ta info.cern.ch. Buɗe shi a Chrome na Android, ka rubuta view-source: a gaban adireshin. Gajere ne, za ka karance shi kafin shayi ya huce. Na ce ya kwafa, ya sa sunansa a wurin kanun, ya turo min hoto kafin Asuba.