Me ke sa manhajar kwamfuta ta faɗi ba zato?

A ranar 19 ga watan Yulin 2024, kwamfutoci kimanin miliyan 8.5 masu amfani da Windows suka tsaya cak a sassan duniya, kamar yadda kamfanin Microsoft ya ƙiyasta.

An soke tashin dubban jiragen sama, aiki kuma ya tsaya a wasu bankuna da asibitoci.

Binciken kamfanin CrowdStrike na Amurka, mai manhajar da ta jawo matsalar, ya nuna cewa manhajar ta nemi karanta bayani na 21 a inda aka tanadi guda 20 kacal.

Ƙetare iyaka

Kowace manhaja tana da rabonta a ƙwaƙwalwar kwamfuta, kamar yadda kowane manomi a Malumfashi ya san iyakar gonarsa.

Idan ta taɓa wurin da ba a ba ta izini ba, babbar manhajar da ke tafiyar da na'urar kan dakatar da ita nan take. A tsarin Linux, ana aika mata sigina mai suna SIGSEGV.

Wannan ya fi sauƙi, domin laifin ya fito fili. Abin da ya fi wahala shi ne manhaja ta ɓata bayanan da ke cikin rabonta, ta ci gaba da aiki, sai can daga baya ta faɗi a wani wuri dabam.

Ana yawan gamuwa da haka a harshen rubuta manhaja na C++, wanda Bjarne Stroustrup ɗan ƙasar Denmark ya fara ƙirƙira a 1979. Harshen yana da sauri, amma ya bar wa mai rubutu nauyin kula da ƙwaƙwalwar.

Tsohon adireshi

Harshen yana da ma'ajiyai na musamman don jera bayanai, kuma wadda aka fi amfani da ita ana kiranta vector.

Idan ta cika, sai ta nemi wuri mafi faɗi, ta kwashe kayanta zuwa can, ta saki na farko.

Misalinta kamar ɗan kasuwar hatsi ne a Funtuwa da ya mayar da buhunan masararsa babban sito, amma yaronsa bai sani ba. Idan yaron ya je tsohon sito, zai ɗauko kayan wani, ko ya zuba nasu a kan na wani.

Haka ke faruwa idan manhaja ta riƙe tsohon adireshi, ko ta koma amfani da abin da ta riga ta goge, ko ta goge shi sau biyu.

Gano bakin zaren

Matakin farko shi ne a sa kuskuren ya maimaita kansa, sannan a duba da GDB, wadda Richard Stallman ya rubuta a 1986. Tana nuna layin da manhaja ta faɗi da hanyar da ta bi kafin ta kai can.

Sai dai masu magana na cewa, kada a dubi inda aka faɗi, a dubi inda aka yi tuntuɓe.

Shi ya sa ake haɗawa da Valgrind, wadda ta fito a 2002, ko AddressSanitizer ta kamfanin Google. Dukkansu suna kama manhaja a daidai lokacin da ta taɓa wurin da ba nata ba, su kuma nuna inda aka ware wurin da inda aka sake shi.

Batun ya shafi tsaro ma, domin masu kutse kan shiga ta irin waɗannan kafofi.

A 2019 Microsoft ya ce kusan kashi 70 cikin 100 na gibin tsaron da yake toshewa duk shekara daga nan suke tasowa.

A watan Fabrairun 2024, fadar White House ta buƙaci masu rubuta manhaja su koma ga harsunan da ke tsare iyakar da kansu, irin su Rust.