Rabon Ganima a Wasannin Intanet na Taron Jama'a

Rabon ganima shi ne tsarin da ƴan wasa ke bi su raba makamai, sulke da dukiyar da suka samu bayan sun haɗu sun kashe babban dodo a wasannin kwamfuta da dubban mutane ke shiga lokaci guda. Matsalar daga wahalar wasan take tasowa. Dodon da mutum ɗaya ba zai iya kayarwa ba yana buƙatar runduna, amma in ya faɗi, abin da yake bari bai wuce kaya ƙalilan ba. To, wa zai ɗauka?

Ga mutumin Damagaram, wannan tambaya tsohuwa ce. A zamanin Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, Zinder ta yi ganuwa, ta tara bindigogi, har igwa aka ƙera a cikin gari, kuma ganimar yaƙi na cikin abubuwan da suka riƙe rundunar. Malaman Malikiyya da ke karantar da Risala sun san hukuncin: a fitar da humusi, sauran a raba wa waɗanda suka halarci yaƙin, mai doki ya samu kashi uku, dakare kashi ɗaya. Masu wasannin zamani ba su karanta wannan babi ba, amma da kansu suka iso ga sharaɗin halarta.

Asalin waɗannan wasanni shi ne MUD, wanda Roy Trubshaw da Richard Bartle suka fara a Jami'ar Essex ta Ingila a 1978, wasa ne na rubutu zalla. A Ultima Online na 1997, wanda ya kashe ka yana iya kwashe kayan da ke jikinka. Amma rikicin rabo ya kankama ne da EverQuest a 1999, inda dodanni irin su Nagafen da Vox suke sa mutane da yawa su kwana a gaban kwamfuta, sannan mafi yawansu su tashi hannu banza. A wannan shekarar wata ƙungiya mai suna Afterlife ta ƙirƙiro DKP, wato makin kashe dodo. Duk wanda ya halarci farmaki ana rubuta masa maki, in kaya ya fito sai ya saya da makinsa. Tsarin ya yi adalci ga masu naci, sai dai sabon shiga yakan daɗe yana wa tsofaffi bauta kafin ya ga komai.

World of Warcraft na kamfanin Blizzard, wanda ya fito a 2004, shi ya kai lamarin ga miliyoyin mutane. A cikin wasan, farmakin wani wuri mai suna Molten Core na mutum 40 ne. Wasu ƙungiyoyi sun riƙe DKP, wasu suka jefa ƙuri'a daga 1 zuwa 100, wasu kuma suka naɗa majalisar shugabanni ta zaɓi wanda ya fi cancanta. Majalisar tana da amfani in shugabannin masu gaskiya ne, don suna iya ba mai tare dodo sulke kafin kowa, amma son kai ya sha wargaza ƙungiyoyi a dare ɗaya. Akwai kuma ɓarayin ganima, masu fizge kaya su gudu, waɗanda sunansu ke ɓaci a duk faɗin wasan.

Daga nan kamfanin ya shiga rage wahala. A 2007 ya mayar da manyan farmaki na mutum 25. A 2011 ya kawo hanyar da kwamfuta ke haɗa baƙi su yi farmaki mai sauƙi, ganimarsa kuma ƙarama, kuma a 2012 ya sa kwamfutar ta riƙa ba kowa rabonsa a wannan farmaki mai sauƙi ba tare da shawara da kowa ba. A 2014 aka tsayar da matakin farmaki mafi wuya na mutum 20, mai ganima mafi daraja. A 2018 aka soke ikon shugaban runduna na raba kaya gaba ɗaya.

Wannan mataki ya kashe sata da son kai, amma a ganina ya tafi da abu mai daraja: mutanen da suka sha wuya tare sun rasa damar cewa wane ya fi buƙata, a ba shi. Ƙungiyoyi da yawa sun koka. A 2022, da fitowar sabon babin wasan mai suna Dragonflight, Blizzard ya mayar da jefa ƙuri'a tsakanin ƴan runduna a farmaki.