Daga Kaset zuwa Memori: Tafiyar Waƙa a Kudancin Kano

Shekaru talatin da suka wuce, matafiyin da ya tsaya a Kwanar Ɗangora, cikin ƙasar Kiru, kafin idonsa ya ga mai kaset kunnensa ya riga ya ji shi. Teburi ne da rikoda mai batir, ga kaset an jera kamar tubali: Mamman Shata, Musa Ɗanƙwairo, Ɗanmaraya Jos, wa'azi, waƙoƙin Indiya. Direbobin da za su yanke su nufi Tudun Wada da Doguwa, su ratsa dajin Falgore, a nan suke guzurin abin saurare. In rikoda ta cinye zare, sai a zaro shi a hankali, a zura biro a ramin kaset, a yi ta murzawa har ya koma mazauninsa. In ya tsinke, a liƙe da salatif, waƙa ta ɗan yi tuntuɓe a wurin ta wuce.

Kamfanin Philips ne ya fito da kaset a 1963, kaset ɗin kuma ya dace da ƙasar nan: ga arha, ga juriya, kuma duk mai rikoda mai baki biyu yana iya kwafa.

Faifan CD, wanda Philips da Sony suka fitar a 1982, ya daɗe bai iso ƙauye ba, kuma finafinan Hausa ne suka goyo shi. Fim ɗin Turmin Danya na 1990 a kaset ɗin bidiyo ya fito. Sangaya ya zo ya nuna cewa waƙa ita ke sayar da fim. Cikin shekarun 2000 dilolin Ƙofar Wambai da Bata suka koma faifai, ƙananan 'yan kasuwa na sarowa suna kaiwa kasuwannin Kiru da Bebeji. Sai dai faifai ba ya shiri da ƙurar hunturu. Ƙarzuwa ɗaya, mawaƙi ya kama in'ina. A ciro shi, a hura masa iska, a goga a gefen riga, a mayar ana fatan dacewa.

A can Turai kuwa da sautin kwamfuta ake fama. A 1991 wani ɗalibi a Helsinki, Linus Torvalds, ya saki Linux, manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, ya bar rubutun cikinta a buɗe, kowa ya duba, ya gyara, ya raba kyauta. Amma sa ta yi sauti aiki ne ja. Masu ƙera kayan sauti Windows suke yi wa hidima, don haka 'yan sa-kai ne suka yi ta lalube, na'ura bayan na'ura, har tsarin ALSA ya zama ginshiƙin sautin Linux a 2003. A 2004 Mark Shuttleworth, ɗan Afirka ta Kudu, ya ƙaddamar da Ubuntu, wani nau'in Linux, yana aika faifanta kyauta ta gidan waya ga duk wanda ya nema, har zuwa 2011. Wanda ya ɗora ta kuwa, da ya danna waƙar MP3 sai ta ce a nemo ƙarin manhaja tukuna. Ba gazawa ba ce, doka ce: fasahar MP3 tana da masu haƙƙi, ciki har da cibiyar Fraunhofer ta Jamus, kuma sai a 2017 aka daina karɓar kuɗin lasisinta.

Ta wata ƙofa Linux ta shigo kudancin Kano, babu faifai a hannunta. Wayar salula ta GSM ta zo Najeriya a 2001, wayoyin Android suka fara fita a 2008, kuma a kan Linux aka gina Android. Duk Tecno ko Infinix mai shafawa da aka saro daga kasuwar Farm Centre, Linux ce a cikinta, ko mai wayar bai taɓa jin sunan ba.

Mai kaset ya zama mai tura waƙa. Yanzu kwamfuta ce a teburin, da janareta ko faranti mai amfani da hasken rana, da tarin wayoyin caji. Yaro zai miƙa memori ya ce a zuba masa Umar M. Shareef da Nura M. Inuwa, dattijo ya ce Shata da karatun Alƙur'ani. Yawancin kwamfutocin Windows ce a kansu, amma sau da yawa manhajar da ke buɗe fim ɗin VLC ce, mai alamar mazubin nan na masu aikin titi, wadda ɗalibai suka fara a Faransa, ita ma buɗaɗɗiya.

Mai saurare ya huta, amma dillalan faifai sun karye, mawaƙi kuma ba ya ganin ko sisi daga kuɗin turi. Akwai asarar da ta fi wannan ciwo. Shata ya rasu a 1999, muryarsa na cikin kowane memori. Makaɗan noma da na biki da masu wa'azin ƙauye, waɗanda wani ya naɗa da rikodarsa ranar gayya ko ɗaurin aure, suna can cikin buhu, zafi da damshi na cin zarensu. Rikoda mai lafiya, da igiyar sauti ɗaya, da manhajar Audacity da ake samu kyauta tun 2000, sun isa a juye su. Mai irin wannan kaset a gida, ya kakkaɓe shi ya kai wa mai turi na kusa tun zaren bai manne ba.