FASHIN BAƘI: Yadda tsarin Agile da Lean suka sauya yanayin aikin masu haɗa manhajoji

A watan Fabrairun 2001, ƙwararrun masu haɗa manhajojin kwamfuta su 17 suka taru a Snowbird da ke jihar Utah ta Amurka, suka fitar da ƙudurin da aka fi sani da Agile Manifesto. Abin da ya ishe su shi ne tsohon salon aiki, inda ake shafe watanni ana rubuta tsare-tsare, sannan a gindaya wa ma'aikata wa'adin da ba ya cikuwa sai da kwanan ofis.

Mene ne Agile da Lean?

Agile shi ne a gutsuttsura aiki, a riƙa miƙa wa mai shi kaɗan-kaɗan yana dubawa ana gyarawa. Fitaccen salonsa shi ne Scrum, wanda Ken Schwaber da Jeff Sutherland suka gabatar a 1995. A nan ana aiki zango-zango, kowane zango ba ya wuce wata guda, kuma kullum akwai taron minti 15.

Shi kuwa Lean, tushensa masana'antar motoci ta Toyota a Japan, inda Taiichi Ohno ya jagoranci tsarin kawar da ɓarnar lokaci da kaya. Mary da Tom Poppendieck ne suka yayata shi a harkar manhaja da littafinsu na 2003.

Alƙawarin da aka yi wa ma'aikaci

Ƙa'idojin Agile sun tanadi cewa tawagar ma'aikata ce za ta tsara yadda za ta yi aikinta, kuma a yi shi da saurin da za a iya ɗorewa a kai. Kent Beck, ɗaya daga cikin mutum 17 ɗin, ya sanya aikin sa'o'i 40 a mako cikin ginshiƙan salonsa.

Inda gizo ke saƙar

A kamfanoni da dama, makin da tawaga ke bai wa kowane aiki don ƙiyasta nauyinsa ya rikiɗe ya zama ma'aunin da shugabanni ke awon ƙwazo da shi. Manhajoji irin su Jira kan nuna wa manaja abin da ke hannun kowa, taron kullum kuma ya koma zaman ba da bahasi. Zango na ƙarewa wani na farawa, babu sararawa.

Kokawar ta kai ga su kansu iyayen tafiyar. A 2018, Ron Jeffries, wanda ya sa hannu a ƙudurin, ya shawarci masu haɗa manhajoji su yi watsi da irin Agile ɗin da kamfanoni ke ƙaƙaba musu, domin yana ƙuntata rayuwarsu.

Saboda haka, sunan tsarin ba ya tabbatar da walwalar ma'aikaci. Matashin da ke neman irin wannan aiki ya binciki abu biyu: wa ke yanke yawan aikin kowane zango, kuma wa ke biyan kuɗin ƙarin sa'o'i idan wa'adi ya ƙure?