Lalle Da Kaushi: Tarihin Ƙunshin Amarya A Karkarar Kano

Duk wanda ya ratsa gonakin da ke tsakanin Ungogo da Minjibir, ko ya nausa Bichi da Ɗambatta, zai ga ƙasar da ba a barin ko taku ɗaya ya yi saura. A irin wannan matsi ne manomanmu suka sama wa lalle gurbi a kan iyakar gona. Yana raba gonar wane da ta wane, ba ya cin gurbin gero, ga shi kuma ana yankan ganyensa a shanya a kai kasuwa.

Shi lalle daɗaɗɗe ne a Afirka ta Yamma. Tun a shekarar 1068 al-Bakri, malamin Andalus, ya ambaci itatuwan lalle a Audagust, birnin fatake da ke ƙasar Muritaniya ta yau. Masana harshe kuma na danganta kalmarmu ta lalle da ta Buzaye, wato alama ce cewa ta hanyar ayarin hamada ya iso mana.

To, amma me ya sa ƙunshin amarya ya fi ƙarfi a ƙafa? Amsar tana cikin lokacin biki. A karkara sai an yi kaka, rumbu ya cika, an sayar da gyaɗa, sannan ake ɗaura aure. Wannan kuwa shi ne lokacin hunturu, sa'ad da iska ke busar da fata. Budurwar da ta shekara tana ɗiban ruwa da talla, sau da yawa ba takalmi, za ta iso ranar kamu da kaushi a dugaduganta, wani lokaci har da faso mai jini. Iyayenmu mata ba su yarda a kai 'yarsu ɗakin miji da irin wannan ƙafa ba, don dangin ango na da ido, kuma gori ba ya tsufa.

Saboda haka kwanakin sa lalle kwanakin jinya ne. A jiƙa ƙafa da ruwan ɗumi, a goge ta da dutsen kaushi, a kwaɓa lalle a lafta, a naɗe da ganye da tsumma ta kwana a ciki. Hannu kuwa a zura shi cikin zunguru. Da safe a wanke, a bi da man kaɗanya ko man shanu, gobe a sake. Lalle ya fi kama fata mai kauri, shi ya sa dugadugi ke fin ko'ina rinuwa, jan ya rufe tabon faso. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihinta aka buga a 1954, ta bayyana yadda ake kwanaki ana sa wa amarya lalle.

Daga baya zanen fulawa irin na Sudan ya shigo ta birni, aka zo da salatif da leda da baƙin dayis, aikin mako ya koma na yini ɗaya. Zanen ya fi kyau a hoto, ba mu musa ba. Sai dai baƙin dayis ba lalle ba ne. Yawanci akwai sinadarin rinin gashi a cikinsa, wanda kan tayar wa wasu da ƙuraje da kumburi, balle a zuba shi kan fatar da ta tsage.

Mu marubuta kuwa, amaren littattafanmu duk santala-santalan ƙafafu gare su, ko da 'yan ƙauye ne. Da wuya mu karanta inda alwanka ta ɗaga dugadugin amarya ta duba, ta ce a ƙara mata kwana.